Aikin rukuni a ajin kimiyya: yaro ɗaya ke yi, saura na kwafa, ya zan yi?

MalamarKimiyya

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai da iyaye, don Allah shawara nake nema. Ina koyar da kimiyya a sakandare, yarana 'yan shekara 14 zuwa 16 ne, kuma kullum abin da ake faɗa mana shi ne a rage tsayuwa gaban allo ana zuba, a riƙa haɗa yara rukuni-rukuni su yi aiki tare, wai ta haka ne za su iya tunani da kansu su kuma san riƙon amanar aiki. Ni ba na musun haka, amma abin da nake gani a aji daban ne wallahi. Ka haɗa yara biyar ka ba su furaktikal, ɗaya zai kwashe kayan aikin ya yi komai, ɗaya ta yi rubutu saboda hannunta ya fi kyau, sauran ukun suna ta hirarsu, a ƙarshe kowa ya sa sunansa a takarda a ba su maki ɗaya. Mai ƙoƙarin ya zo min da ƙorafi wai ana ci da guminsa, kuma ai gaskiya ya faɗa. Wanda bai taɓuka komai ba kuwa darasi ɗaya ya ɗauka, cewa mutum zai iya laɓewa bayan wani ya wuce. To ina riƙon amana a nan?

Sai kuma batun tunanin. Ko da sun fara tattaunawa, da zarar wanda ake wa kallon gwanin aji ya buɗe baki shikenan an rufe magana, ko shirme ya faɗa ba mai ja da shi. Wanda ya fi ci min rai ma shi ne in awon da suka yi bai zo daidai da na littafi ba sai su goge nasu su kwafi na littafin, su miƙo min takarda tsaf kamar ba a yi komai ba. Akwai wanda abin nan ya yi masa aiki da gaske? Ya kuka tsara shi? Ko dai in koma gaban allona, ga silabus ba ya jiran kowa.

Dan_Fizis

Wa alaikumus salam Malama. Abin nan ba yaranki kaɗai ba ne kuma ba lalacewar yaran zamani ba ce kamar yadda wasu za su ce miki, halin ɗan Adam ne. Akwai wani injiniyan noma Bafaranshe, Max Ringelmann, da ya sa mutane jan igiya yana auna ƙarfinsu, su ja ɗai-ɗai sannan su ja a taro, sai ya tarar ana ƙara yawan mutane ƙarfin da kowanne ke sawa yana raguwa. Tun 1913 aka buga wannan, kuma manya ne fa ba yara ba. Masu binciken da suka zo daga baya sun nuna in mutum ya san za a gane nasa ƙoƙarin daban, sassautawar tana raguwa sosai. Ke nan aikinki shi ne ki toshe wurin ɓuya.

Ni ga yadda nake yi, zan ba ki misali da darasin lilo. Zare ne da noti a ɗaure a ƙarshensa, a rataye shi a bakin tebur ko jikin ƙusa. Kafin kowa ya taɓa komai, kafin ma su juya su kalli juna, sai in yi tambaya ɗaya: in muka ƙara noti biyu a kan na farko, lilon zai ƙara sauri, zai rage, ko ba abin da zai canza? Kowa ya rubuta amsarsa da dalilinsa a takardarsa, da biro ba da fensir ba, minti biyu shiru. Sannan kowa ya ɗaga yatsu a ƙirjinsa lokaci guda, ɗaya ko biyu ko uku, don kar a kalli hannun gwani a bi. Yawanci za ki ga ajin ya rabu, mafi yawa sun ce mai nauyi zai fi sauri, wasu sun ce zai fi nawa saboda ya yi nauyi. Sai in ce kowa ya nemi wanda amsarsu ta saɓa ya shawo kansa. A nan ne ajin ke kacamewa da musu, kuma musun gaske ne saboda kowa ya riga ya sa hannu a kan wani abu, yana da abin karewa. Bayan haka a sake ɗaga yatsu, sannan a je a auna. Zare mai tsawon mita ɗaya yana ɗaukar kusan sakan 2 ya je ya dawo, don haka sai su ƙirga zuwa da dawowa 10 su ga wajen sakan 20, su ƙara noti su sake, su ga dai 20 ɗin ce. Ki ga idon yaron da ya rantse mai nauyi zai fi sauri a lokacin nan. Sai ki ce to su rage zaren zuwa santimita 25, su ga lokacin ya dawo rabi, daga nan su da kansu za su fara tambayar me ya sa rabi tunda zaren kashi ɗaya cikin huɗu ya koma.

Ba ni na ƙirƙiro ba. Eric Mazur, malamin fizis a Harvard, shi ya yaɗa tsarin a farkon shekarun 1990 bayan ya gano ɗalibansa na iya warware lissafi mai wuya amma tambaya mai sauƙi ta fahimta tana ka da su. Kuma a wani bincike da aka buga a 2009 wasu malamai a jami'ar Colorado sun duba ko yaran kwafar gwani kawai suke yi, suka ba su wata tambaya makamanciyar ta farko kowa ya amsa shi kaɗai, suka ga an samu ci gaba har a rukunin da tun farko babu wanda ya san amsar a cikinsu. Sannan akwai bitar da Scott Freeman da abokan aikinsa suka yi a 2014, suka tattara bincike 225, masu faɗuwa a ajin lacca zalla sun kai kusan kashi 34 cikin ɗari, a ajin da ake sa ɗalibai aiki kuwa kusan kashi 22.

TsohonAlli

Toh. Ni na ajiye alli amma bari in sa baki, 'yata. Malam mai fizis ya yi magana mai kyau, sai dai in tuna masa cewa duk waɗannan da ya lissafa daga Mazur zuwa Freeman 'yan jami'a aka gwada, mutanen da suka riga suka tsallake sakandare suka zaɓi karatun da kansu. Yaro ɗan shekara 14 da aka tilasta wa zama a ajin bayan la'asar ga zafi ga gajiya wani abu ne daban.

Kuma akwai abin da masu son aikin rukuni ba sa son a tuna musu. Jarrabawar PISA da OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe, ke yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe da yawa, ta 2015 kimiyya ta fi mayar da hankali a kai, kuma abin da ya fito shi ne yaran da suka ce malaminsu na yawan yi musu bayani da nuni sun fi cin maki, waɗanda suka ce ana yawan barin su su yi binciken kansu kuwa makinsu ya fi ƙasa a mafi yawan ƙasashe. Tun 2006 ma masu binciken ilimi Kirschner da Sweller da Clark suka yi rubutu suna cewa sakin sabon ɗalibi ya gano abu da kansa ba tare da jagora ba ba ya aiki, saboda kan mutum abu kaɗan yake iya riƙewa a lokaci guda, in ya cika da neman inda za a fara babu sauran wurin koyo. Ni abin da na yarda da shi ke nan, mutum ba ya tunani mai zurfi a kan abin da bai sani ba. Ka tara yara biyar da ba su san mene ne wutar lantarki ba ka ce su tattauna, jahilci biyar ka tara wuri ɗaya, kuma wanda ya fi baki shi zai ci.

Ba cewa nake ki daina ba. Cewa nake ki koyar tukuna, ki yi bayani sarai ki nuna misali a allo, sannan ki ba su abin da za su yi musu a kai na ɗan lokaci, ki karɓe ajin ki rufe da bayanin daidai kafin a kaɗa ƙararrawa. Kar yaro ya fita da amsar abokinsa a kai alhali kuskure ce. Wannan rufewar ita ce na ga matasan malamai na yawan tsallakewa don lokaci ya ƙure musu.

Dan_Fizis

Baba ranka ya daɗe, na karɓi gyara a kan batun jami'a, haka ne. Kuma ni ma ban ce a saki yara ba, a tsarin Mazur ma malami ne ke zaɓar tambaya kuma shi ke rufewa. Sai dai game da PISA, tambayar yara aka yi me ake yi a ajinku aka haɗa da makinsu, ba a raba su gida biyu an gwada ba, don haka ba ta nuna wanne ya jawo wanne. Kuma a rahoton dai an ga yaran da ke yawan yin binciken sun fi yarda cewa da gwaji ake tabbatar da magana, sun kuma fi sa ran yin aikin kimiyya in sun girma. To Malama kuma ai abin da take nema ke nan, ba maki kaɗai ba.

UwarSamari

Ni ba malama ba ce, uwa ce, amma ku bar ni in faɗi nawa. Ɗana yana cikin irin yaran da ake jibga wa aikin, ya zauna har dare yana haɗa abin da mutum huɗu ya kamata su yi, in na ce ya bar musu nasu ya ce in ya bari makinsa ne zai faɗi. Ƙanwarsa kuma akasin haka, tana gane karatu amma kunya gare ta, in aka sa ta cikin masu baki ko tari ba ta yi, sai a rubuta wai ba ta ba da gudummawa. Don Allah malamai ku daina ba wa rukuni maki ɗaya kowa da kowa, wannan ba adalci ba ne kuma yaran sun sani. Sannan ku daina cewa kowa ya zaɓi 'yan rukuninsa, kullum akwai yaron da ba mai zaɓa, yana tsaye yana kallon ƙasa, wannan ya fi faɗuwa tes ciwo a wajen yaro mai wannan shekarun.

MalamarBayoloji

Hajiya Allah ya saka da alheri, kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Malama 'yar uwa, ni abin da ya fi yi min aiki a kan matsalar 'yan laɓe shi ne tsarin da Elliot Aronson ya fito da shi a 1971 a birnin Austin na jihar Texas a Amurka. A lokacin an haɗa yara farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko a aji ɗaya bayan an daɗe ana ware su, rigima ta yi yawa, sai shi da ɗalibansa suka tsara darasi yadda ba wanda zai iya cin jarrabawa sai ya saurari na kusa da shi. Yadda abin yake, ki yanka darasin gida huɗu, a ce zagayawar jini, wannan ya ɗauki zuciya, wannan huhu, wannan jijiyoyi, wannan shi kansa jinin da abin da ke cikinsa. Duk masu zuciya na ajin su taru wuri ɗaya su karanta nasu su fahimta, ke kina zagayawa kina gyara musu, a nan ne maganar Baba ta shigo don a nan za ki tare kuskure kafin ya bazu. Sannan kowa ya koma rukuninsa na asali ya koyar da sauran ukun. A ƙarshe tes, kowa shi kaɗai, a kan duka huɗun. Gwani ba zai iya yin aikin kowa ba tunda kashi ɗaya kawai aka ba shi, kuma dole ya yi shiru ya saurari yarinyar nan mai kunya saboda huhu na hannunta. Malalaci kuma in ya zo hannu rabbana ba ke za ki yi masa faɗa ba, mutum uku ne za su zuba masa ido, kuma a shekarun nan idon abokai ya fi muryar malami nauyi nesa ba kusa ba. Akwai ma gwajin da masu binciken halayyar ɗan Adam Gardner da Steinberg suka buga a 2005 da wasan tuƙin mota a kwamfuta, matasa sun fi yin ganganci in abokansu na kallo, manya kuwa abin bai cika canza su ba. Wannan ƙarfin dai shi ne muke so mu juya ya yi mana aiki.

Batun maki, ni kaso mafi girma na mutum ne shi kaɗai, na rukuni ɗan kaɗan ne, kuma wanda zai tashi ya yi bayanin aikin rukunin ƙuri'a nake jefawa, lamba 1 zuwa 4, ba su san wa za ta faɗa wa ba sai lokacin. Za ki ga gwanin da kansa yana zaunar da sauran yana cewa tsaya in sake maka, don ya san ba lallai shi zai yi magana ba. 'Yan uwan nan biyu David da Roger Johnson na jami'ar Minnesota sun shafe shekaru suna nanata abu biyun nan, a sa yara su buƙaci juna, a kuma tuhumi kowa a kan nasa, in ɗaya ya ɓace ɗayan ba ya tsayuwa.

Sai goge awo, wanda a wajena ya fi duk sauran girma, don yaron da ya saba gyara lamba ta dace da abin da ake so, gobe shi ne a ɗakin gwajin asibiti ko wajen awon ƙarfen gada. Amma ki duba, mu muka koya musu, tunda wanda ya kawo lambar littafi shi ke samun maki cikakke. Ni na cire maki daga kan dacewa da littafi gaba ɗaya. Ina zana tebur a allo kowane rukuni ya zo ya rubuta abin da ya samu, da biro a littafinsu, in an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai a bar shi yana karantuwa. In rukuni shida sun samu kusan abu ɗaya na bakwai ya yi nisa, ba dariya, tambaya ce ga ajin duka, me zai iya jawo haka? Zarensu ya fi tsawo? Rabin lilo suka ƙirga a matsayin ɗaya? Wanda ya gano dalilin shi ke da makin. Har na kan ba su labarin van Helmont, wani masanin kimiyya na ƙarni na 17, wanda ya shuka bishiya a tukunya ya auna ƙasar, ya shekara biyar yana ba ta ruwa kawai, bishiyar ta ƙaru da kusan kilo 74 ƙasar kuma abin da ta rage bai kai giram 60 ba, sai ya yanke cewa daga ruwa duk nauyin ya fito. Sai in ce musu awonsa daidai ne, hukuncinsa ne da gyara, ku nemo min abin da bai auna ba. Ana daɗewa kafin wani ya ce iska, kuma sau da yawa ba gwanin ba ne ke faɗa.

MalamarKimiyya

Kai, Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, Baba na gode, Hajiya na ji kuma daga yanzu ni zan riƙa haɗa rukunin da kaina. Saura abu biyu. Ajina ya haura yara 60 kuma bencina a jere suke ba sa juyuwa, ga firiyod minti 40. Sannan ina tsoron yaran su fara cewa Malama ta daina koyarwa ta bar mu muna koya wa junanmu, magana ta kai ofis.

Dan_Fizis

Za su faɗa kam, ki shirya. A 2019 an buga wani gwaji da Louis Deslauriers da abokan aikinsa suka yi a Harvard, ɗalibai suka fi cin tes bayan darasin da aka sa su aiki amma da aka tambaye su sai suka ce sun fi koyo a laccar da aka zuba musu, saboda sauraron mai iya bayani daɗi gare shi, kai kuma kana ji kamar ka gane. Don haka ki faɗa musu tun ranar farko me ya sa kike yi, ki kuma sanar da shugaban sashe kafin wani ya riga ki, in ya samu dama ma ya shigo ya gani.

Aji 60 kuma kar ki fara da yanka darasi gida huɗu, zai watse miki. Fara da mutum biyu-biyu a bencinsu, tambaya ɗaya a firiyod, a rubuta, a ɗaga yatsu, a yi musu minti uku, a sake ɗagawa, ki rufe. Duka bai fi minti goma ba, saura talatin naki ne da silabus. In sun saba sai na gaba su juyo su fuskanci na baya su zama huɗu, ba sai an ɗaga benci ba. Ki sa alama ɗaya ta yin shiru ku yi ta maimaita ta har ta zauna kafin ki saki musun farko. Kuma in kin yi tambaya ki daure ki jira, wata mai binciken ilimi Mary Budd Rowe ta auna a shekarun 1970 ta ga malamai kusan sakan ɗaya suke jira kafin su amsa da kansu ko su kira wani, in aka kai sakan uku amsoshin kan yi tsawo kuma yaran da ba sa magana su fara ɗaga hannu. In lilon za ki fara da shi, ki yanka zaren da kanki tun a gida ki auna daga inda aka rataye zuwa tsakiyar notin, kuma ki ce kar su ja shi da nisa kafin su saki, in sun ja sosai lokacin yana ɗan ƙaruwa.